Leɓen Yaya Elango

A gidanmu na Madurai, a kudancin Indiya, wasan kurket ya raba aiki tun muna yara: Yaya Elango ke jifa, ƙanenmu Katir ke bugu, ni Malar ke tsinto ƙwallo daga kwata ina shan faɗan mahaifiyarmu, wadda muke kira Amma. Yaya ba mai jifan ƙarfi ba ne. Murza ƙwallon yake da yatsu, ta tafi a hankali kamar ba ta da niyyar mugunta, tana taɓa busasshiyar jar ƙasar nan sai ta canza hanya. Yana da wata ta ɓoye kuma, wadda za ka rantse hagu za ta yi, sai ta yi dama ta kwashe turakun da kake karewa a bayanka, ka fita daga wasa. Manyan unguwa sun sha kunya a hannunsa. Katir kaɗai ya gagare shi.

"Kai ɗan nan, ta ina kake gane ta?"

"Baiwa ce, Yaya. Ba a sayar da ita a kasuwa."

Yaya ya yi dariya ya dungure masa kai, har alfahari yake da shi.

Shekarar da masu zaɓen 'yan wasa suka zo daga Chennai ita ce damar Yaya ta ƙarshe, don shekarunsa sun kusa wuce ƙa'ida. Katir kuwa yana da sauran lokaci a gaba. Aka raba matasa gida biyu, rabo ya sa su ɓangare daban. Da safe Amma ta zuba musu idli, wainar shinkafarmu, ta ce wa Katir, "Ka dai tuna yayanka ne."

"Amma, ki bar shi ya yi wasansa," in ji Yaya. "Wanda ya saurara mini ya zage ni."

Katir bai saurara ba kuwa. Yaya ya fitar da mutum biyu cikin sauƙi, masu zaɓe sun fara gyara zama, sai Katir ya shigo. Duk lokacin da ta ɓoyen nan ta taso, kafin ta sauka ya riga ya tako gaba ya aika ta bayan fili. Ina zaune ina tafa wa ɗaya, ina tausayin ɗayan. Aka ɗauki Katir, aka ce an samu gwanin buga murzajjen jifa. Yaya ya koma garejin kawunmu yana gyaran babur mai ƙafa uku.

Chennai ba ta yi wa Katir da daɗi ba. Kowane mai murza ƙwallo, har yara ƙanana, wasa yake da shi kamar kyanwa da ɓera. Ya tako gaba ta wuce shi, ya ja baya ta bugi ƙafarsa. Kafin damina aka sallamo shi. Gidanmu ya yi biyu babu, ba tsuntsu ba tarko.

Na kai wa Yaya abincin rana a gareji na tarar da Katir tsaye, riƙe da tsohuwar ƙwallo.

"Yaya, ban taɓa iya karanta hannu ba. Leɓenka nake kallo. In za ka jefa ta ɓoyen, sai ka ciji leɓen ƙasa. Tun muna yara."

Yaya ya daɗe yana goge sifana da tsumma.

"Shi ke nan? Leɓe?"

"Shi ke nan."

"Da ka faɗa mini, da na daina a mako guda. Kai ma da dole ta sa ka koyi kallon hannu."

Ni dai haushi ya kama ni. Magana ɗaya tak, a kan tabarma ɗaya suke kwana, amma yaron nan ya fi son a ce masa mai baiwa.

Katir ya miƙa masa ƙwallon. "Ka jefa mini da yamma. Ka rufe bakinka da ƙyalle, in fara koyo daga farko. Akwai wani zaɓen baɗi."

Yaya ya karɓa, ya ɗora yatsunsa a kan ɗinkin, ya murza ta sama. Ta tashi a kasalance ta faɗo tafinsa, da ƙyar ta juya. Ya ɗaga mana yatsan da yake murzawa da shi. Kantar nan mai tauri da jifa ya yi masa ta ɓace, fatar ta yi laushi, baƙin mai ya shiga ƙarƙashin farce.

"Ka nemi wani, ƙanena," ya ce, ya ajiye ƙwallon a kan kujerar babur. "Wanda zai koya maka ɗin ya daɗe da tafiya."