Kwalin da Sifu Szeto Bai Taɓa Buɗewa Ba

Szeto Ka-lok mai gyaran agogo ne a unguwar Sham Shui Po, amma ba don agogo ake kiransa Sifu, wato malam gwani, ba. Agogo dai shi ke kawo shinkafa gida. Sunan ya same shi ne a teburin ƙarshe na wani gidan shayi a unguwar Mong Kok, inda duk Lahadi da hantsi wasu magidanta takwas, kowa da tumbinsa da furfurarsa, suke haɗuwa su baje jarumai a tsakanin kofunan shayin madara. Jaruman na roba ne, tsawon kowanne bai kai kamu guda ba, irin na finafinan nan masu tashi sama da alkyabba. Sai dai an yi musu fuska har da tsiron gemu, an ɗinka musu tufafi da zare da maɓalli kamar na mutanen gaske, kuma kuɗin guda ɗaya ya isa ya sa matar mutum ta daina yi masa magana har mako biyu.

Kujerar jikin bango ta Szeto ce, kuma shi ne alƙalin teburin. Duk wanda ya yi sabon saye sai ya kawo masa. Zai sa farar safar hannu, ya maƙala gilashin gyaran agogo a idon dama, ya ja numfashi kamar wanda aka dame shi. Sai ya bi fentin ido, ya bi layin da aka haɗa kai da wuya, ya lanƙwasa gwiwa ya saurari ƙararta, ya ƙirga ɗinkin aljihu. Daga nan ya faɗi maki bisa goma, kuma abin da ya faɗa kafin la'asar ya zaga shagunan sayar da jarumai na benen da ke tsallaken titi. Rowar maki gare shi, mutumin nan, bai taɓa ba wa kowa sama da takwas ba. Shekara uku da suka wuce ya ba wa jarumin Pang Yiu-cheung, direban tasi, huɗu kacal, ya ce ido ɗaya na kallon yankin Kowloon ɗaya na kallon tsibirin da ke tsallaken ruwa. Aka yi dariya har da buga tebur. Pang ma ya yi dariyar, amma ya ajiye ta a cikinsa.

Goma bisa goma kuwa, jarumi ɗaya ne a duniya ya taɓa samu, kuma na Szeto ne. Sunansa Baƙon Hadari, mai doguwar baƙar rigar fata, guda ɗari uku kawai aka yi, shi ya samu lamba bakwai bayan ya tsaya a layi tun asuba. Shekara goma sha huɗu ke nan. Kowa a teburin ya haddace kirarinsa, yadda rigar ke sauka kamar ruwa, yadda idanun ke bin mutum. Abu ɗaya ne kawai, Szeto bai taɓa ganinsa ba. A wajen masu wannan harka, jarumin da ba a yanka salatif ɗin kamfani na kwalinsa ba shi ne sarki, darajarsa ta ninka ta wanda aka buɗe, ko da buɗewar ta minti ɗaya ce. Abin da Szeto ya sani duk daga hoton mujalla ne, sai wani samfuri da ya taɓa hangowa a baje koli ta saman kawunan mutane.

Kwalin yana saman kabad ɗin kayan matarsa, Mak Suet-ying, mai ɗinki da rage tufafi a wata rumfa a kasuwa. A gida mai ɗaki ɗaya da falo, wannan gurbin ba ƙaramin abu ba ne, kuma tun zuwan Baƙon Hadari kayan sanyinta ke kwana a jaka ƙarƙashin gado. Ranar da ya kawo shi, cikin watan Maris ne, lokacin da bangon gidaje ke zufa har madubi ya yi hazo, ya zauna ya naɗe kwalin da ledar rufe abinci har sau bakwai don kada iska ta shiga. Suet-ying ta ce masa ko kifi ba ta naɗewa da jiƙarsa. Ya ce mata ta tsaya a kan kifinta.

Pang ya jira Lahadin da teburi ya cika, ya jira Szeto ya gama wulaƙanta takalmin jarumin wani, sannan ya goge man burodi a bakinsa.

"Sifu, tambaya ce da ni, ka yi haƙuri da jahili. Ba kai ka ce mana ba a ba da maki daga hoto ba? Ka ce sai an riƙe, an juya, an duba."

Szeto ya ce haka ne.

"To goman nan taka, da wane idon ka ba da ita? Ko kwalin ne ka yi wa alƙalanci? Don in kwali ne, wallahi ni ma ina da mai kyau, na firiji."

Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Tsoho Auyeung, wanda ya girme su duka, ya juya cokali a kofi ya ce maganar tana kan hanya. Ko dai a buɗe a gani, ko Sifu ya janye gomansa ya ba wani kujerar bango. Szeto ya dubi kujerar da yake kai. Kujerar nan ita ce kawai wurin da yake magana a yi shiru a duk faɗin garin. Kafin hankalinsa ya iso, bakinsa ya riga ya ce Lahadi mai zuwa.

Makon nan bai yi masa daɗi ba. Ranar Talata ya mayar wa wata tsohuwa agogonta yana gudu da minti ashirin, abin da bai taɓa yi ba. Ranar Alhamis ya hau kujera ya sauko da kwalin, ya ɗan karkata shi kusa da kunne, ya ji wani abu na zuba a ciki, shuu, kamar shinkafa a gwangwani. Ya ce wa kansa 'yan ƙullin nan ne masu tsotse danshi da kamfani ke sawa. Ya san sarai cewa fatar roba tana ruɓewa a garin nan, shi da bakinsa ya sha rage wa mutane maki saboda haka, har na'urar tsotse danshi ya saya wa jarumansa na kabad ɗin gilashi. Amma waɗancan ai an buɗe su ne. Wannan kuwa, iska ba ta taɓa shi ba, da me zai ruɓe? Suet-ying kuwa tun ranar ta jawo jakar ƙarƙashin gado ta fara kakkaɓe rigunan sanyi tana 'yar waƙa a hanci.

Ranar Lahadi ta ce za ta bi shi. Ya ce taron maza ne, ta ce ita ba taro za ta ba, maƙwabcinta na shekara goma sha huɗu za ta gani. Suka hau ƙaramar bas, shi rungume da kwali a cinya yana harare duk wanda ya matso, ita da jakarta ta aiki a kafaɗa.

A gidan shayin an share teburi, an kwashe kofuna, har masu shagunan tsallake uku sun zo sun tsaya a baya. Szeto ya warware ledar, ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshen tana manne da kwalin tana wani santsi. Ya ɗora reza a kan salatif. Wani ya ce rabin kuɗin yana kan bakin rezar nan. Ya yanka.

Wari ne ya fara fitowa, irin na takalmin da aka manta a banɗaki. Ya zaro kwalin ciki mai hoton jarumin yana tsaye cikin walƙiya, ya ɗaga murfin, sai wani baƙin gari kamar na gawayi ya zubo a kan teburi.

Baƙon Hadari yana kwance a gurbinsa, amma rigar nan mai sauka kamar ruwa ta saɓe ta ɓare, saura ƙyallen ciki mai ruwan toka da 'yan ɓaraguzai a kafaɗa. Safar hannunsa ta narke ta manne da cinya. Wata koriyar fumfuna ta tsiro masa a haɓa har ta yi gemu, kuma da Szeto ya ɗago shi, wuyan ya saki, kan ya rusuna ƙasa kamar mai neman gafara. Ma'aikacin gidan shayin da ke wucewa ya leƙo, ya tambaya ko ya kawo tsumma.

Pang ya cusa burodi guda a baki don kada dariya ta fito, ta fito ta hanci.

Szeto ya ji kunya, amma abin da ya fi kunyar nauyi baƙin ciki ne, na gaske, irin wanda bai yi tsammani ba a kan abin roba. Ga kuma hanyar tsira a buɗe, don wani mai shago ya riga ya fara cewa laifin kamfani ne, fatar shekarar ba ta da kyau. In ya gyaɗa kai kawai, ya wuce. Ya dubi Suet-ying. Ta ɗauki ledar ƙarshe da yatsa biyu, ta duba ruwan da ke jikinta, ta ajiye.

Sai ya gyara safarsa, ya maƙala gilashi a ido, ya fara aiki kamar kowace Lahadi. Ya bi ɗinki, ya bi gaɓoɓi, yana faɗin abin da ya gani da muryar nan tasa marar tausayi. Da ya tallafo haɓar da ɗan yatsa ya kai gilashi kan fuskar, sai ya tsaya cak. Idanun ba abin da ya same su. An zana kowane zare na ƙwayar idon, an sa ɗan ja a kusurwa kamar na wanda bai yi barci ba, kuma duka biyun shi suke kallo. Bai taɓa ganin aikin hannu irin wannan ba, kuma shekara goma sha huɗu abin yana saman kansa.

Ya cire gilashin ya goge idonsa, ya ce ƙurar ce.

"Wanda ya zana fuskar nan, goma. Jarumin yadda yake a yau, biyu. Ba laifin kamfani ba ne, ni na rufe shi da danshi a ciki, kuma an gaya mini a ranar. Mai shi, sifili."

Ya miƙe daga kujerar bango ya tsaya a gefe.

Pang ya haɗiye burodinsa da ƙyar. Ya ce a tsaya, yana so ya fahimta, ke nan nasa mai maki huɗu ya fi na Sifu?

"Ya fi."

"Mai ido ɗaya a Kowloon?"

"Shi fa."

"Sake faɗa, Sifu, kunnena na hagu ba ya ji sosai."

Szeto ya sake faɗa. Pang ya jingina da kujera ya lumshe ido kamar wanda aka sosa wa baya, sannan ya ɗaga hannu ya ce a kawo wa kowa kek ɗin ƙwai, shi zai biya. Da Auyeung ya tambaya wa zai hau kujerar, Pang ya ce shi dai ba ya so, don duk cikinsu ba wanda zai iya rage wa kansa maki ko da zuwa shida ne, balle sifili. Ya jawo hannun rigar Szeto ya zaunar da shi, ya ce ya zauna ya ci gaba da mugunta, amma daga yau ya san akwai mai maki biyu a gidansa.

Suet-ying ta buɗe jakarta ta zaro abin awon ɗinki. Ta ɗora shi a kafaɗun jarumin, ta auna hannu, ta auna daga wuya zuwa idon sawu, tana rubutawa a bayan takardar shayi.

"Lou-gung," ta ce, wato maigida, kamar yadda take kiransa a gida, "baƙar jakar nan da ka saya mini kafin aure, fatar gaske ce, ba irin taku ba. Za ta isa a ɗinka masa riga har da bel. Amma saman kabad nawa ne."

Ya ce nata ne. Ta ce kuma gemun nan ita za ta wanke, kada ya kuskura ya sa masa leda.

Szeto ya zare safar hannu, abin da ba wanda ya taɓa gani ya yi a teburin nan, ya ɗauki Baƙon Hadari da tafinsa tsirara. Ya fi yadda ya zata nauyi, kuma yana da ɗanƙo. Baƙin garin ya shiga masa ƙarƙashin farce, bai damu ba.

Suna bakin ƙofa ma'aikacin ya biyo su yana cewa maigida ya manta kwalinsa. Kafin Szeto ya amsa, maza shida masu furfura sun riga sun zube a kan kwalin, don ko ba komai a ciki lamba bakwai ce, kuma ana jin muryar Pang a sama yana cewa shi ya fara taɓawa. Szeto bai waiwaya ba. Ya sa babban yatsa ya tallafe wa jarumin haɓa don kan ya daina faɗuwa, ya bi matarsa zuwa tashar bas.