Wa Zai Tatsi Saniyar Ruot?

Da rani garinmu yakan koma na tsofaffi. Samari da 'yan mata da yara duk sukan bi garke zuwa fadamar kogin Sobat, a bar malaman makaranta da fasto da waɗanda gwiwa ta hana tafiya. A irin wannan lokaci ne Nyabuay, 'yar yayana Ruot, ta zo daga Juba inda take aikin jinya, tare da mutumin da take so ta aura.

Sunansa Makuei, ɗan ƙabilar Dinka ne, ba tamu ba, likitan dabbobi. A Nairobi ya girma, saboda haka goshinsa sumul yake, babu tsagen da ake yi wa samarinmu ranar da suka zama maza. Abu guda ya kawo shi, wato Ruot ya yarda ya turo baffanninsa a yi maganar aure.

A ɗakin baƙi na makarantar da nake shugabanta aka sauke shi. Ranar da ya iso na zaunar da shi na yi masa darasi. Mai neman aure ba ya cin abinci a gidan surukai, ba ya bari uwar yarinya ta gan shi yana tauna ko da ƙwayar gyaɗa ce. Ba a tambayar mutum yawan shanunsa. Namiji kuma ba ya tatsar saniya muddin akwai mace a gari. Ya rubuta duka a ɗan littafi kamar mai shirin jarrabawa.

"Goggo, wannan dokar ta ƙarshe mu ma muna da ita," in ji shi.

"To ka riƙe ta da kyau, ɗana. Yayana ba ya mantuwa."

Kwana uku yana zuwa gaisuwa, yana zama a gindin tsamiyar ƙofar gida da ladabi. Ruot kuwa, mai tsage shida daga kunne zuwa kunne, bai taɓa kiran sunansa ba.

"Kai yaro, wa ya aiko ka? Goshi kamar bayan ƙwarya!"

"Baba, shekarata talatin da huɗu."

"Kunkurun fadama ya fi ka shekaru. Ka ji an ba shi mata?"

A rana ta huɗu, ina hanyar zuwa addu'ar mata ta ranar Laraba cikin farar rigata, na ji kukan saniya daga gidan Ruot, na ratse na shiga. Jar saniya ce guda da aka bar masa don nonon da yake sha, kuma ban tabbata ko ya fi son mu a kanta ba. Hantsarta ta kumbura ta yi tauri. Matarsa Nyakong ta gwada tatsa da safe, saniyar ta harbe ta, ga ta can zaune da wuyan hannu a naɗe. Nyabuay kuwa rabonta da saniya tun tana 'yar shekara shida, ko kusa da bayanta ta ƙi zuwa.

Makuei, da ya zo gaisuwa kamar kullum, ya zagaya saniyar, ya dubi ɗan nonon da aka samu a ƙwarya, ya shinshina. Ya ce ciwon hantsa ne, dole a tatse ta ƙarƙaf sannan a matsa magani a cikin kan nonon, in ba haka ba kafin jibi wannan sashen hantsar ya mutu. Maganin yana cikin jakarsa.

"To me kake jira?" in ji Ruot. "Durƙusa ka tatse ta."

"Baba, namiji ba ya tatsa."

"Namiji ka ce. Yaro ai yana tatsa. Ni na ba ka izini."

Ba na jin Ruot ya yi nufin haƙa masa rami, idonsa ya yi ja saboda saniyarsa. Amma maƙwabta sun riga sun jeru a bakin danga. In Makuei ya durƙusa, kafin la'asar gari ya gama jin cewa mai neman Nyabuay yaron tatsa ne, kuma ko Ruot ya so ba shi 'yarsa bayan haka, kunya ba za ta bar shi ba.

Makuei ya mayar da hannuwansa baya ya sarƙe yatsu. Sai ya waiwayo ya dube ni.

"Goggo."

"Kada ma ka soma."

"Goggo, don Allah."

Shekara talatin da ɗaya ke nan ban tatsi saniya ba. Na dubi farar rigata, na dubi Nyabuay da ke cizon ɗankwali, na roƙi Ubangiji a zuciyata ya karɓi uzurina a wurin matan addu'a, na durƙusa.

Aka kawo ruwan ɗumi. Makuei ya ɗaure ƙafafun baya, tunda wannan ba a hana maza ba, sannan ya koma gefe ya sake mayar da hannu baya. Ruot ya rungume wuyan saniyar yana yi mata kirari a kunne.

"Goggo, a hankali, daga sama za ki matso. A'a, ba ja za ki yi ba, ai ba igiyar ƙararrawa ba ce."

"Shugabar makaranta, yau ke ce 'yar aji ɗaya!" wata tsohuwa ta faɗa daga danga.

A daidai lokacin saniyar ta kaɗa wutsiya ta shafe mini tabarau da kashi. Na ci gaba da lalube. Ta yi wani kuka da ya sa kajin gidan suka watse.

"Kai ɗan Dinka!" Ruot ya daka tsawa. "Ƙanwata za ta kashe mini saniya! Sa hannu!"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba, ba zan sa ba."

"Ni kake wa gardama a cikin gidana?"

"Tuba nake, Baba. Goggo, kan nonon hagu yanzu."

Nyabuay, wadda ke tsaye a bayansa, ta gaya mini daga baya cewa duk tsawon lokacin yatsunsa suna ta tatsar iska.

Sai da muka kusa cinye sa'a kafin hantsar ta yi laushi. Na matsa maganin yadda ya nuna mini da baki. Da aka kwance saniyar, ta girgiza kai, ta daina kuka, can ta miƙa wuya ta figi ciyawa.

Ruot ya daɗe yana kallonta. Daga nan ya juyo.

"Makuei. Zo nan. Sunkuya."

Ya sunkuya. Ruot ya tofa masa yawu a tsakar ka, yadda dattawanmu ke sa albarka, kuma bai yi rowa ba. Na ga yawun yana gangarowa gefen kunnensa, na ga hannunsa ya nufi aljihun hankici, na zare masa ido ta cikin tabarauna mai kashi. Hannun ya koma.

"Sau uku na ba ka umarni a gaban jama'a, sau uku ka ƙi," in ji Ruot. "Yaro ba shi da irin wannan taurin kan. Ka ce wa baffanninka su zo in garke ya dawo gida."

Nyakong ta rangaɗa guɗa, matan danga suka amsa. Ni kuma na dafa gwiwa na miƙe da ƙyar, ina tunanin sabulun da zai iya da rigata.

Makuei ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Goggo, Allah ya saka da alheri. Sai dai akwai abin da ban faɗa ba ɗazu."

"Ina jin ka."

"Tatsar nan, safe da rana da yamma ake yi. Har kwana biyar."