Baƙuwa a Jikin Auta

Ni na ba Auta ƙoda, ta hagu. Ba don a yaba min nake faɗa ba, don ba jarumta ce ta kai ni ba, gajiya ce. Shekara biyu ina kallon ƙanena, mai gyaran firji da a da shi kaɗai yake cicciɓar injin, ana jona shi da na'urar wankin ƙoda sau uku a mako, ya dawo gida kamar tsumman da aka matse. Da aka gwada jininmu aka ce tawa ta dace, sai na sa hannu kafin tsoro ya riske ni.

Ranar da za a sallame shi likitar ta zaunar da mu uku, ni da shi da Inna. Ta ce a cikin jinin kowa akwai wasu ƙwayoyi kamar sojoji, masu far wa duk baƙon abu, kuma a wurinsu ƙodata baƙuwa ce. Saboda haka Auta zai riƙa shan wani farin kafso safe da yamma, muddin ransa, don ya danne masa garkuwar jiki. Likitar irin masu son aikinsu ce, in ta fara ba ta jin birki. Ta zarce da cewa masu bincike sun gano cikin sojojin nan akwai 'yan kaɗan masu raba faɗa, ana ta gwajin yadda za a yawaita su, watakila wata rana jiki ya karɓi baƙuwar ba tare da magani ba. Ta ɗaga yatsa ta ce wata rana, ba yanzu ba.

Na ga fuskar Inna ta canza, na ɗauka zaman asibiti ne ya ishe ta. Ban tuna ba cewa ita a duniya wuri ɗaya ta taɓa jin kalmar garkuwar jiki, a rediyo, in ana batun cuta mai karya garkuwar jiki.

Auta ya koma ɗakinsa na da a gidan Inna, ita ta karɓi ragamar magani. Hakan ya yi min daɗi, don na san halin ɗan'uwana: ko tsakuwa ka sa masa a tafin hannu zai haɗiye, idonsa na kan waya. Wata huɗu komai lafiya lau. Ya yi kumatu, har ya fara tsokanata wai tun da aka sa masa ƙodata ya koyi mita.

A wata na biyar na lura ƙafarsa ta kumbura, takalminsa ba ya shiga. Ya ce zama ne. Na ce zaman me, muka tafi gwajin jini ina ta masifa a hanya. Da sakamakon ya fito likitar ba ta yi surutunta ba, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. Ta ce maganin kusan babu shi a jininsa, kuma jikin ya fara ƙin ƙodar. Auta ya rantse bai taɓa tsallake ko sau ɗaya ba. Aka ba shi gado nan take.

Na koma gida ɗauko masa kaya. Inna na tsakar gida tana shanya. Na buɗe robar maganin da ke kan tebur, na ga kafson fari ne, amma ya ɗan fi na asibiti tsawo. Sai na shiga bincike kamar ɓarauniya a gidanmu. A aljihun keken ɗinkinta, cikin gwangwanin maɓallai, na same su, na asibitin, fal, ta jera su a leda ta ƙulle bakin. Kusa da su ga kwalin wasu da ta saya a kemis, an rubuta suna ƙara garkuwar jiki.

Na fito da gwangwanin a hannu. Na faɗa mata maganganun da ban taɓa zaton za su fito daga bakina zuwa ga uwata ba. Ta bari na gama.

"Garkuwa ce fa, 'yar nan," in ji ta. "Yaro an yanka shi, ya tashi da ƙyar, sai in riƙa ba shi abin da zai karya masa garkuwa da hannuna? Ai ita likitar ta ce za a daina."

Na ce mata wata rana aka ce. Na ce jikinsa yanzu yaƙar ƙodar yake, don bai san ta ba.

Ta kalle ni, da gaske ba ta gane ba. "Ta yaya bai san ta ba? Ciki ɗaya kuka kwanta. Nono ɗaya na ba ku."

Nan fushina ya kare, sai baƙin ciki zalla. Ni ma a raina tambayar nake yi tun da safe.

Tare muka koma asibiti. An riga an sa wa Auta ƙarin ruwa da magani mai ƙarfi, na kwana uku. Likitar ta ce bayan nan za a gani: ko ƙodar ta farfaɗo, ko a koma na'ura. Da na gaya mata abin da ya faru, ba ta yi wa Inna faɗa ba, ni kuma ban gaya wa Auta komai ba. Inna ta ja likitar gefe ta tambaya ko za a iya cire tata. Aka ce shekarunta sun wuce. Na ji hannuna ya kai kan tabon cikina da kansa, inda saura ɗaya.

Da ƙarfe shida nas ta kawo kafson yamma a ƙaramin kofi. Auta, bisa sabo, bai miƙa mata hannu ba, Inna ya miƙa wa, idonsa na kan waya. Inna ta karɓi kofin, ta juye a tafinta, ta daɗe tana kallon su. Sannan ta juyo gare ni, muryarta can ƙasa.

"Duka zan ba shi?"

Na ce duka.