Gurasar da Ke Gadin Talabijin

Duk unguwar masaƙa ta garin Margilon an san abu biyu game da Tursunboy. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran injin bas, kuma in dai ana nuna shirin "Ayarin Taurari" a talabijin, ko gobara ce ta tashi a gidansa sai dai ta jira a gama. Matarsa Holida ma ba ta fi shi dama-dama ba. Zango biyu suka kalla tare a kan shimfiɗa ɗaya, da butar shayi ɗaya, shi yana zagin injiniyan kumbon, ita tana roƙa wa Kyaftin Orlan mace tagari.

To, sai ga zango na uku ya fito a daidai makon da likita ya ce lallai Holida ta tafi Tashkent a cire mata tsakuwar matsarmama. Mijin 'yarsu Nigora, da ya zo ɗaukarta, shi ya jawo fitinar. Ya zuba kashi goma cif na sabon zangon a wata 'yar na'ura ya soka a bayan talabijin, wai tsaraba ya kawo wa surukai.

Da za ta fita aka kawo gurasa mai zafi daga tanderun Ergash. Ta yi bisimilla ta gatsa, kamar yadda kowane matafiyi ke yi a ƙasarsu, don sauran rabonsa ya zauna a gida yana jiransa har ya dawo ya cinye. Sai dai ba a ƙusar bango ta rataye ta ba, inda aka rataye ta ɗansu da ya tafi soja. Zare ta zura mata, ta saƙale ta a tsakiyar fuskar talabijin.

"Baban Nigora, ka ga wannan? Ni ce zaune a nan. Ka kalli ko kashi ɗaya ba ni, Allah yana gani, gurasa ma tana gani."

"Haba, Maman Nigora! Ni yaro ne?"

"Da yaro ne ai da da sauƙi."

Wallahi ya yi ƙoƙari, kada a zalunce shi. Kwana tara ya daure. Ya daina zuwa wurin shan shayi, don kowane tebur zancen ke nan. A layin masallaci wani ya fara cewa, "Kun ga abin da Kyaftin ya yi wa..." Tursunboy ya toshe kunnuwa ya canza sahu.

Ran kwana na goma bayan azahar, Shaiɗan ya zo masa ta hanyar sana'a. Wane irin makanike ne za a kawo wa na'ura bai gwada ta ba? In Holida ta dawo aka kunna ta ƙi fa? Gwaji kawai, minti biyu. Ya sauko da gurasar da hannu biyu, ya sumbace ta, ya kai ta goshi, ya ajiye ta a faranti kusa da butar shayi.

Minti biyun nan ba su ƙare ba sai da ransa ya ɓaci. An canza wa Kyaftin Orlan murya! Mai fassarar da, wanda in ya ce "A tayar da inji" har gilashin taga ke rawa, sun yar da shi, sun kawo wannan mai tallan garin wanki. Kumbon ma sun yi masa fenti fari fat, babu ɗigon baƙin mai ko ɗaya.

"Ƙarya kuke yi!" in ji Tursunboy, shi kaɗai a ɗaki. "Injin da ya yi tafiyar shekara dubu ba ya yoyo? Ku yaudari wani."

A kashi na biyu baƙi masu ido uku suka iso daga wata duniya, aka tsaya ana yi musu tambayoyi a bakin ƙofa, ko shayi ba a ba su ba. Da suka shigo kuwa, da takalmansu suka taka darduma. Ya ce shi ke nan, zangon nan ya lalace, ba tarbiyya, ba zai ƙara kallon ko daƙiƙa ba. Sai ya danna kashi na uku.

A na huɗu ne suka kama shi. Iska ta kusa ƙarewa a kumbon, Kyaftin ya fita waje da sifana ɗaya tak, igiyar da ke riƙe da shi tana tsinkewa zare-zare. Tursunboy ya manta da murya, ya manta da fenti. "Hagu, ɗan nan, hagu ake kwancewa!" Bakinsa na ihu, hannunsa na aikin da ya saba tun yana yaro, ya gutsura, ya tsoma a shayi, ya kai baki. Da Kyaftin ya faɗo cikin kumbo da rai, Tursunboy ya yi hamdala, ya ji wani abu ya maƙale masa a haƙori. Ya jawo. Zare ne.

Ya dubi faranti. Ko ɓarɓashi babu.

Kafin ya gama salati waya ta yi ƙara. Nigora ce.

"Baba, an sa rana, jibi da safe za a yi aikin. Mama ta ce in tambaye ka, gurasarta tana nan?"

"Tana nan," ya ce, ya dafe ciki. "Kusa da ni ƙwarai."

Tursunboy ba mutumin camfi ba ne, a ganinsa komai na duniya ko waya ce ta tsinke ko mai ne ya ƙare. Amma ranar tsoro ya kama shi, na gaske. Matar da suka yi shekara talatin da tara tare za ta kwanta ƙarƙashin wuƙa, shi kuma ya cinye abin da zai dawo da ita gida.

Da gudu ya isa tanderun Ergash, ya ja shi gefe ya faɗa masa. Ergash ya yi dariya har ya zauna a kan buhun fulawa.

"Yaya Tursunboy, duka? Gurasar kwana goma? Ai ko akuya sai ta huta a tsakiya!"

"Ka rage murya, don Allah."

"To ya ka ga zangon? Ni fa ya fi na baya. Kai har ina ka kai?"

"Na huɗu."

"Ashe ba ka ga inda matar nan mai ido uku ta..."

"Ergash, ka ƙara kalma ɗaya, sai na cusa ka a tanderun nan."

Suka shirya yin jabu. Gurasa ba matsala ba ce, hatimin Ergash ɗaya ne a tsakiyar kowacce, kuma ya ce zai busar da ita a bakin tanderu ta zama kamar ta kwana goma. Gatsar ce bala'i. Holida tana da wushirya, wadda tun farko ita ta sace hankalin Tursunboy, kuma duk abin da ta gatsa sai ya fito da ɗan tudu a tsakiya. Ergash ya gwada, tasa ta fito sumul. Tursunboy ya gwada da haƙoransa na roba, ita ma sumul. Ya tsaya yana kallon gurasar, can sai ya ce a ba shi guda huɗu masu zafi.

A gida ya cire haƙoran sama, ya ɗaure su a ƙarfen matse kayan aikinsa, ya ɗauko siririn magagari. Ya goga, ya mayar baki, ya gatsa, ya duba. Bai yi ba. Ya ƙara gogawa. A gurasa ta huɗu tudun ya fito tsaf. Sauran ukun dole ya cinye su, ba a zubar da gurasa.

Ranar aikin bai kunna komai ba. Ya zauna gaban jabun da ke lilo a fuskar talabijin, carbi a hannu, yana roƙon Allah kada ya kama baiwarsa da laifin cikin mijinta. Da Nigora ta kira ta ce an fito lafiya, ya kifa kai a shimfiɗa ya yi kuka kamar yaro.

Bayan mako biyu Holida ta dawo, ta rame, tana takawa a hankali. Ta wuce kai tsaye gaban talabijin, ta sauko da gurasar, ta juya ta, ta shafa tudun da yatsa. Ta gyaɗa kai. Tursunboy, da tun a ƙofa yake gaisuwa da leɓe a rufe, daɗi ya kwashe shi ya wangale baki.

"Sannu da zuwa, sannu, sannu!"

Kowace sannu da fito ta fita, kamar buta ta tafasa. Holida ta dubi bakinsa, ta dubi gurasar, ta sake duban bakinsa.

"Baban Nigora, yaushe ka yi wushirya?"

Nan ya zube, ya faɗi komai, har da zaren. Holida ta tambaye shi:

"Duk ka cinye?"

"Duka. Na ɗauka na kashe ki, Holida."

Rabon da ya kira sunanta tun kafin a haifi Nigora. Ta fara dariya, ta dafe ɗinkin, hawaye na zuba.

"Kai dai ba ka da wayo. Rabona yana cikin cikinka, to ina kuma zan tafi in ba wurinka ba?"

Ta zauna a gefenta na shimfiɗa ta ce ya kunna daga kashi na ɗaya. Kiɗan farko na tashi ya karkato.

"Kin ga muryar nan, sun canza..."

Ta ɗauki busasshiyar gurasar ta cusa masa a baki.

"Taka ce, kai ka gatsa. Riƙe ta nan har mu kai na biyar."