Hatimin Gindin Buta

Tun ranar da Yaya Mutari ya dawo da butar shayin daga wajen gyara, Zeinabou ba ta yarda da ita ba. Butar azurfa ce ta marigayiya mahaifiyarsu, daga Damagaram Zeinabou ta taho da ita Dubai a naɗe cikin zane, kuma ita kaɗai ta rage mata daga kayan tsohuwar. Mutari ne ya nace zai kai a daidaita marfin.

Ga ta nan tana ta walƙiya, ga hatimin a gindi yadda ta san shi: ɗan kan mace, da haruffan maƙerin Faransa guda biyu. Amma butar Inna ɗiga take ta baki, shekara talatin tana ɓata faranti. Wannan kuwa tsiyaya take tsaf kamar famfo. Wane irin gyaran marfi ne yake warkar da baki?

Mutari cewa ya yi, "Khalas, ya isa haka, ke dai zargi ya yi miki yawa. Duba gindin mana!" Saurin da ya yi na tura ta ga gindin ne ya ƙara dagula mata zuciya.

Ranar Asabar da hantsi ta kai ta unguwar Abu Hail, shagon Wakili, wani Kirista ɗan Kafanchan mai gyaran kayan azurfa. Ya juya butar, ya ƙura wa hatimin ido ta gilashi.

"Hajiya, hatimi dai na gaske ne."

Har ta ji kunyar zargin ɗan uwanta. Sai Wakili ya kai gindin butar kusa da bakinsa ya hura masa numfashi. Cikin tururin numfashin, wani siririn zobe ya fito kewaye da hatimin, ya ɓace.

"Kin gani? Liƙi ne. Yanko shi aka yi daga wata aka dasa a nan. A ƙasar da aka ƙera ta, wannan babban laifi ne. Jikin nan tagulla ce aka shafa wa ruwan azurfa."

"To tawa fa, Malam Wakili?"

"Wadda aka huda wa gindi narka ta ake yi."

Zeinabou ta zauna. Mutari ya san gindin take dubawa, don shi Inna ta fara koya wa duba hatimin.

"Yanko mini hatimin," ta ce. "Ragowar zan kai masa flat ɗinsa, ya dafa shayi."

Wakili ya ɗauko ɗan zarto. Abin da ya ajiye mata a tafin hannu bai kai farcen babban yatsa ba.