Yayen Yelwa

Har ladanin unguwa ya yi kiran farko Jamaluddeen bai runtsa ba. Yana kwance rigingine yana sauraron 'yarsa Yelwa, wadda ta kusa cika shekara biyu, tana tsotson nono a ɗaya gefen gadon. Yarinyar takan farka ba tare da ta buɗe ido ba, ta laluba rigar uwarta ta kama, ita kuwa uwar, Hidaya, sai dai ta yi ɗan nishi ta gyara kwanciya kamar wadda aka aza wa buhun gero a ƙirji. A da wannan sautin daɗi yake yi masa. Yanzu kuwa kowane tsotso sai ya dawo masa da maganar mahaifiyarsa, cewa nonon mai ciki yarinyar take sha.

Wata guda ke nan da 'yan kwanaki da dawowarsa Gumel daga hidimar ƙasa da ya yi a can jihar Kuros Riba. Kafin wannan dawowar, rabonsa da gida tun ƙaramar Sallah, ga shi har an girbe gero ana ɗaurin dami. Ya bar mace siririya mai kazar-kazar, ya dawo ya tarar da wata daban. Fuskarta ta yi suntum, idon sawunta ya kumbura, gashinta na biyo mataji, da tsakar rana tana ƙudundune cikin mayafi wai sanyi take ji. Tana cikin tsintar shinkafa sai a ga kanta ya langaɓe. Duk lokacin da ya tambaye ta, amsar ɗaya ce: lafiya lau, gajiyar raino ce kawai.

Dada, mahaifiyarsa, ta zo yi masa barka da dawowa daga rugarsu da ke bayan Gagarawa Tasha, da ƙwaryar kindirmo da curin man shanu. Ta iske surukarta a jingine da bango tana barci, yarinyar na rataye a ƙirjinta. Da ta ji kuma cewa Yelwa ta kwana biyu tana zawo, sai ta nemi ludayi. Jamaluddeen ya koma zaure, don wannan ba abin da namiji ke tsayawa kallo ba ne, amma zauren ba shi da nisa. Ya ji an sa Hidaya ta tatsa nononta a ludayin, ya ji Dada ta tsugunna gindin randa tana neman tururuwa. A wurinsu haka ake gwadawa: in tururuwar ta fito da ƙafarta nonon lafiyayye ne, in ta mutu a ciki ya ɓaci. Ta mutu. Dada ta ce kwanika ce, an yi ciki a kan goyo, kuma yarinya ba za ta ci gaba da shan wannan nonon ba. Ranar Litinin ta sama ya kai mata ita ta yaye ta.

Jamaluddeen kimiyyar dabbobi ya karanta a jami'a, ya san tururuwa ba ta iya iyo a kowane irin ruwa mai maiƙo. Washegari ma, da ba kowa a tsakar gida, ya zuba madara a murfin kwano ya jefa wata, ita ma ta mutu. Bai ji wani sauƙi ba. Dama ba tururuwar ce ke damunsa ba. Dada ba ta ƙirga watanni ba, ko kuwa ta ƙirga ta yi shiru, shi kuwa ya ƙirga. In cikin nasa ne, da yanzu ya fito kowa ya gani. In kuwa ƙarami ne wanda bai kai a gani ba, to a nan yakan tsayar da tunaninsa, sai kuma tunanin ya ƙi tsayawa.

Daga nan ya fara lura da abubuwan da a da ba ya ko kallonsu. Tun da ya dawo bai ga Hidaya ta yi fashin salla ba, ko na yini guda. Tuwon da take so ta daina cinyewa. Da zarar ya sa ƙafa waje, in ya waiwayo daga bakin layi, sai ya hango ta ta saɓa yarinyar ta faɗa gidan maƙwabciyarsu Theresa, malamar asibiti 'yar Filato da ta daɗe tana aiki a Gumel. In ya dawo ya tambaya, sai ta ce rariya ta je aro, alhali ga rariyarsu rataye a madafi. Ya kai ga yana bin mazan layin da kallo, mai kanti da mai garuwa da yaron da ke tuƙa Keke Napep, yana auna yadda kowa ke gaishe shi. Wanda ya cika fara'a ya zarge shi, wanda ya rage ita ma ya zarge shi. Daga baya kunyar kansa ta kama shi, ya yi istigfari, amma bai daina ba.

Ranar Alhamis ya tafi kasuwar Maigatari, inda yake taya wani abokinsa sayar da maganin dabbobi kafin aiki ya samu. Ya kasa zama, ya baro kasuwar tun kafin la'asar. Gidan a rufe. Ya yi sallama a ƙofar Theresa, ta fito da Yelwa a kafaɗa tana ba ta ayaba.

"Malam Jamalu, ka dawo mana daga Kudu da ido irin na ɗan sanda," in ji ta. "Wa kake nema, ɓarawo ko matarka?"

Ya yi yaƙe ya gaishe ta, sannan ya tambaye ta a hankali abin da ke kawo iyalinsa gidanta kullum.

"Barci," in ji Theresa. "Leƙa ka gani."

Ya leƙa ta labule. Hidaya na kwance a doguwar kujera, an lulluɓe ta da bargo, bakinta a ɗan buɗe, ko takalmi ba ta cire ba. Theresa ta ce haka take yi duk ranar da ita take gida: ta miƙo mata yarinyar, ta faɗi kamar an sare ta, kafin ya dawo ta tashi ta wanke fuska ta koma. Ta ce ta yi magana har ta gaji a kan a je a ɗibi jininta. Wannan gajiyar ta wuce ta raino. Yana iya zama ƙarancin jini, yana iya zama wata 'yar halitta da ke wuya, wadda in ta yi sanyi da aikinta sinadaran jikin mace duk su rikice, ta kumbura, ta riƙa jin sanyi, al'ada ta ɗauke. Doguwar shayarwa kanta takan riƙe al'ada. In ma wuyan ne, akwai magani, kuma ba lallai sai an cire yarinya daga nono ba.

Jamaluddeen ya dubi ƙasa. Ya ce, ba wani abu kuma da zai iya kawo haka?

Theresa ta dube shi. "Ni ba na gwaji da ido, Malam. Ku ne masu tururuwa." Ta goge wa Yelwa baki da gefen zaninta. "Abin da ya hana ta zuwa asibiti kuwa, matarka ce, ka tambaye ta."

Bai tambaya a ranar ba, bai tambaya washegari ba. Maganar Theresa ta ba shi dalilai uku masu kyau, amma ba ta kashe na huɗun ba. Ya ce a ransa, mace takan rufa wa mace asiri. Ya kuma ce, mai rashin lafiya da ba ta da abin ɓoyewa me zai sa ta guji likita?

Ran Asabar da yamma Hidaya na zaune a tabarma tana ninke kayan yarinyar, tana zuba su a wata 'yar jaka. Yelwa ta zo ta ɗaga mata riga, ta ture ta, yarinyar ta sa kuka, ta ƙyale ta ta kama. Ya jawo kujera ya zauna kusa, ya ce mata ya san inda take zuwa barci, ya san an ce ta je asibiti ta ƙi. Yana so ya ji dalili.

Ta ajiye rigar da take ninkewa. Da ta fara magana, ba ta ambaci sunan 'yar ba, don 'yar fari ce, kuma a gidansu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna tana sonta a gaban mutane. Ta ce ai ya sani, a danginsu ɗan fari in aka kai shi yaye wurin kaka ba ya dawowa, ya zama na kaka ke nan. Ita ma 'yar fari ce. An kai ta Sule Tankarkar yaye, ba ta sake kwana a ɗakin mahaifiyarta ba sai daren da za a kai ta gidan miji, har yau ba ta iya haɗa ido da ita. Ta ce tun da damina ta faɗi jikinta ya fara canzawa, ta tsorata, amma ta san da zarar an ji ta kwanta asibiti za a ce ba ta iya raino, a ɗauke yarinyar. Shi ya sa ta riƙa ɓoyewa, tana cewa gobe za ta ji ƙarfi. Muddin yarinyar na shan nono, ba mai raba su.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?" in ji shi.

"Da wane baki, Malam? In ce ina son yarinyar nan? A yi da ni a ruga har in mutu?" Ta gyara wa Yelwa kai a cinyarta. "Kuma tun ranar da Dada ta zo, ba fuskata kake kallo ba. Cikina kake kallo. Ina ganinka kana ƙirga watanni da yatsu."

Ya ji kamar an yaye masa riga a tsakiyar kasuwa. Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Tambayar da ke bakinka, in ka yi ta zan ba ka amsa. Amma in ka yi ta, ka yi ta ke nan." Ta sa rigar ƙarshe a jakar ta ja zif. "Zan je asibitin ran Litinin. Tunda za a ɗauke ta, ba sauran abin ɓoyewa. Za su gwada har da wancan ɗin. Sai ka tsaya ka ji da kunnenka, sannan ka wuce da ita."

Ya yini ranar Lahadi yana juya maganar. Hanyar da ta shimfiɗa masa mai sauƙi ce: ya raka ta, ya zauna a benci, a fito a gaya masa. In babu komai, ya hana a kai yarinyar, ya zama miji nagari ba tare da ya yi kasadar komai ba. Har ya fara jin daɗin wannan shawarar, sai ya gane abin da Hidaya za ta gani a ciki. Za ta san cewa ba don ita aka bar mata 'yarta ba, sai da aka gwada ta tukuna, kamar yadda aka gwada nononta. Shakkar ba ta bar shi ba. Tana nan a ƙasan ƙirjinsa, ƙarama, mai nauyi. Sai dai a karon farko ya dube ta a matsayin tasa, abin da ya taho da shi daga watannin kaɗaici, ba abin da ya tarar a gida ba.

Ran Litinin da safe suka shiga Keke Napep su huɗu, da Theresa cikin fararen kayanta. A ƙofar asibiti Hidaya ta miƙo masa yarinyar da jakar ba tare da ta dube shi ba. Ya karɓi Yelwa, ya shafa kanta, ya ɗora ta a kafaɗar Theresa, ya rataya mata jakar. Ya ce su shiga, shi zai je ya dawo. Hidaya ta tsaya tana kallonsa, bai jira ta yi magana ba ya ce wa mai Keke su wuce tasha.

Motar Gagarawa ta daɗe kafin ta cika. Da ya sauka a Gagarawa Tasha ya bi ta cikin gonakin da aka girbe, inda shanu ke kiwon kara, har ya isa ruga. Dada na zaune a inuwar bukka, ta dama kunu ta rufe, ga wata sabuwar 'yar ƙwarya an kankare ta fes. Ta dubi hannuwansa, ta dubi bayansa.

Ya cire takalmi ya tsugunna nesa kaɗan. Suka gaisa da Fulatanci, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi shanu da maruƙa da ciwon gwiwarta. Sannan, kansa a sunkuye, ya ce mata yarinyar ba za ta zo ba. Uwar ba ta da lafiya, tana wurin likita. In lokacin yaye ya yi, a ɗakinta za a yaye ta, kuma zai riƙa kawo ta ruga tana gaishe da kakarta.

Wata kaza ta zo ta leƙa ƙwaryar, Dada ta kore ta, sannan ta dube shi.

"Cikin fa?"

"Babu ciki, Dada."

"Sun gwada?"

Wayarsa ta fara motsi a aljihun rigarsa. Ya san daga inda kiran yake. Ya ɗora tafin hannunsa a kan aljihun har ta yi shiru.

"Ban tsaya ba," in ji shi. "Ni na ce babu."

Dada ta kau da kai ta dubi garke. Can ta ce ɗan maraƙin nan baƙi ya ƙi tsotso tun jiya, tunda ya zo ya je ya duba shi. Jamaluddeen ya tashi, ya naɗe hannun riga, ya nufi turke.