Hagun Ajimi

"Ina Nuraddeen ne? Yau ma bai leƙo ba?"

Ajimi ne ya yi tambayar, yana kishingiɗe a kan katifa cikin zaurensa, an tokare masa baya da matasai biyu. Ni kuwa Nuraddeen ɗin da ake cigiya ina zaune a gefensa na hagu, gwiwata har tana gogar katifar. Tahir wanzami da ke durƙushe ta dama ya ɗago ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Ga ni nan, Babarbare," na ce. "Juyo hagunka."

Ya juya kuwa, amma wajen dama ya juya. Ya bi bango da ido, ya dubi ƙofa, ya dubi butar alwala, sannan ya ce wa Tahir, "Ka ji shi ko? Daga waje yake magana. Fulata ya ƙi shigowa."

Wallahi na ji zafin maganar nan har cikin ƙirjina. Shekara talatin da ɗaya muna maƙwabtaka a Ajilari, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ni tela ne, iyayena daga Kano suka zo, da jinin Fulani a jikinmu, shi ya sa yake kirana Fulata yadda Barebari ke faɗi, ni kuma in rama da Babarbare. Shi dillali ne a Kasuwar Shanu, daga tafiyar saniya yake gaya maka shekarunta. Shekarun rikici da unguwa ta watse mutane suka gudu, mu biyu ba mu je ko'ina ba. Da matata ta rasu, 'ya'yana suka bazu Kano da Abuja, shi kaɗai ya rage mini abokin hira. Kullum bayan la'asar muna kan dakalinsa muna tsokanar juna har a kira magariba.

A kasuwa ya faɗi, tsakiyar shanu, hawan jini ya buge shi. Ya yi kwana goma a asibiti aka dawo da shi, hannu da ƙafar hagu sun shanye, amma baki ras, sai ma abin da ya ƙaru. Matarsa Ya Kellu ce ta fara lura da wani abin. In ta kawo masa burabusko a faranti, sai ya cinye rabin dama tas, ya bar rabin hagu kamar an ja layi da wuƙa, ya ce bai ƙoshi ba. In ta juya farantin ya ce, "Madalla, an ƙaro."

Muka koma asibiti, ni na tura shi a keken guragu. Aka haɗa mu da wata likitar gashin ƙashi mai suna Pindar, 'yar Biu, ƙarama da ita amma ba ta da wasa. Ta ba shi takarda da biro, ta ce ya zana mata kan saniya. Ya zana da kyau, sai dai ƙaho ɗaya, kunne ɗaya, ido ɗaya.

"Baba, ina ɗaya ƙahon?"

"Yarinya," ya ce, "shekara arba'in ina cikin shanu, ke za ki koya mini ƙaho? Ga saniya nan cikakkiya."

Ta ja mu gefe ni da Ya Kellu. Ta ce idonsa lafiya lau, a ƙwaƙwalwa abin yake. Jinin ya taɓa ɓangaren dama, ɓangaren nan kuwa shi ke kula da duk abin da ke hagun mutum. Ba wai yana ganin duhu a hagu ba ne, a wurinsa hagun ce babu ita gaba ɗaya, kuma bai san ta ɓata ba balle ya neme ta. Na ce to shi ke nan ya tafi a haka? Ta ce a'a. Da can likitoci sun ɗauka ƙwaƙwalwar babba in ta lalace ta lalace, amma masu bincike sun shafe shekaru suna gwadawa, sun gano tana iya buɗe sabuwar hanya in tsohuwar ta toshe, kamar yadda masu keke napep ke ratsawa ta lungu in ruwa ya cinye titi. Sai dai ba ta buɗewa sai an matsa mata. "Ku riƙa zama ta hagunsa," in ji ta. "Ku yi masa magana ta nan, ku ba shi abu ta nan, har ya koyi juyowa. Wasu suna samun sauƙi sosai, wasu kaɗan. Ban yi muku alkawari ba."

Ni dai ban ji wannan na ƙarshen ba, na farkon kawai na riƙe.

A gida aka sha rigima. Ya Kellu ta ce, "Malam Nuraddeen, ni in miƙa wa mijina abinci ta hagu? Da girmana? Allah ya kiyaye." Masu zuwa dubiya ma haka, kowa ya shigo sai ya zagaya dama, ya kama hannun da ke da rai, ya durƙusa yana "Wushe, wushe," sannun Barebari, shi kuma yana amsawa da fara'a. Wa zai gaishe da dattijo ta hagu a garin nan? Na yi bayani har na gaji, liman ya ce in bar mutum ya huta. Raina ya ɓaci, ni kuma in raina ya ɓaci bakina ba ya da linzami. A gaban mutum shida na ce, "Wallahi tallahi ba zan zauna a damansa ba sai ya juyo ya gan ni da kansa."

Haka na kafa kujerata tsakanin katifarsa da bango, wurin da ko kyanwar gidan ba ta zuwa. Kullum bayan la'asar in rufe shago in zo. In buga cokali a jikin kofi, in kira sunansa, in shafa hannun da ya mutu in ce, "Hannun wa ke nan?" Ya ce, "Na wani ne, a ɗauke mini shi." In ce masa, "Ajimi, ga ni a hagunka, ciwon ne ya hana ka gani." Ya ce, "Wace hagu kuma? Ga zaure nan duka ina kallo." Sai ya yi dariya.

Zama ne mai ciwo, ban ɓoye ba. Mutane suna ta hira da shi a ɗaya gefen, yana kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ni ina kallon ƙeyarsa da bayan kunnensa. Na san furfurar bayan kunnen nan fiye da yadda na san tafin hannuna. In kowa ya watse, sai mu rage mu biyu, shi yana jin shi kaɗai ne a zauren, ni ma ina jin haka.

A mako na biyar aka yi abin da ya ƙara mini taurin kai. Na kawo wani ƙyalle ja daga shago, na fara daga damansa ina jan shi a hankali ta gaban fuskarsa. Idonsa ya biyo. Ya wuce ƙofa, ya wuce tsakiyar zaure, wuyansa ya fara juyowa, har na ga gefen hancinsa, har na ga farin idonsa na hagu. Saura taƙi ɗaya ya iso kaina. Sai idon ya zame ya koma, kamar guga ya kuɓuce daga hannu.

"Ya Kellu! Ya kusa! Wallahi ya kusa!"

Ta fito daga cikin gida tana goge hannu da gefen mayafi. Ba ta yi murna ba. Ta kira ni bakin ƙofa, ta rage murya.

"Malam Nuraddeen, jiya ya yi kuka. Ya ce ƙyamarsa kake yi tun da ya nakasa, shi ya sa ba ka son haɗa ido da shi. Don Allah ka zagaya sau ɗaya ya gan ka. Rantsuwa ce? Ka yi kaffara, ni zan dafa abincin mutum goman."

"Ya Kellu, in na zagaya yau ya gan ni a dama, me zai sa ya sake nemana a hagu? Saura kaɗan. Ki ba ni mako biyu."

"Kai ka san mako biyu," ta ce, ta koma ciki.

Da na gaya wa Pindar ranar da muka je gashi, ta dube ni ta ce, "Baba, ban ce kar ka taɓa zuwa dama ba. Ka je ku gaisa, sannan ka koma hagun." Na ce to. A raina kuwa na ce ita karatun ta sani, ni na san Ajimi, in ka sassauta masa sau ɗaya ka gama.

Ranar wata Laraba, mako na bakwai, babu kowa a zauren sai mu. Zafi ake yi, wuta ta ɗauke, ina yi masa fifita ta baya. Bai ci abinci sosai ba, tsokanar ma bai amsa ba. Can ya ce, a hankali, yana kallon ƙofa, "Fulata."

"Na'am."

"In da gaske kana nan, zo in gan ka. Na manta yadda fuskarka take."

Na miƙe tsaye. Allah ne shaidata na miƙe, taku huɗu ne kawai in zagaye katifar. Na yi ɗaya. Sai na tuna farin idon nan da na gani, na tuna saura taƙi ɗaya. Na koma na zauna.

"Juyo, Babarbare. Ga ni nan dab da kai. Daure ka juyo."

Ya yi ƙoƙari, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Sannan ya saki. "Gobe," ya ce. "Na gaji."

"To, gobe," na ce. Na gyara masa matashi na tafi masallaci.

Washegari da hantsi ina shago na sa wuyan wata riga a keken ɗinki, sai na ji kururuwar Ya Kellu ta ratso katanga. Jinin ya sake bugunsa yana shan kunu, kafin a samo mota ya cika. Na shiga na same shi an riga an rufe shi da zane. Ya Kellu ko kallon banza ba ta yi mini ba, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ni na ɗinka likkafaninsa, sau uku zare yana tsinke mini.

Bayan azahar muka kai shi. Da aka zo sakawa, liman ya ce makusanta su matso, Tahir ya tura ni gaba. Aka kwantar da shi a kan damansa, aka juya fuskarsa gabas yadda ake yi wa kowa. Masu miƙo itace suna ta yamma, ta bayansa, suka ce in zo in karɓa. Ban je ba. Na zagaya ta gabas, na durƙusa a bakin ramin a kan ƙasa mai zafi, daidai inda fuskarsa ke kallo ta cikin farin yadin.

"Ga ni, Ajimi," na ce.

Suka fara jera itacen daga wajen ƙafa. Na zauna a wurin har suka iso kai.